Lambar Asusun da Ta Koma ta Dā: Nazarin Fom Ɗin Saituna na Wata Manhajar 'Yan Kasuwa

## Tushen lamarin

Kamfanin ƙarami ne, a Kano yake, ma'aikatansa duka-duka mutum 4. Abin da suke sayarwa manhaja ce ta 'yan kasuwa wadda ake buɗewa a birawuza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita. Tana lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, tana fitar da rasit, tana kuma tura wa mai saye saƙon tes bayan an gama ciniki. Yawancin masu amfani da ita dillalan atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, sai wasu 'yan kaɗan masu sarin kayan masarufi a Singa. Wadda lamarin ya faɗo a kanta ita ce mai kula da ɓangaren da ido ke gani, wato shafuka da maɓallai. Zan riƙa ce mata injiniyar.

Shafin saituna shi ne shafin da ba wanda ya damu da shi a kamfanin. An rubuta shi cikin yini biyu tun farkon aiki, aka wuce. Gurabe 23 ne a cikinsa, kashi huɗu: bayanin shago, bayanin bankin da ake bugawa a ƙasan kowane rasit, batun haraji (ko a sa VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 a Najeriya tun watan Fabrairun 2020), sai kuma sanarwa, kamar tura tes da adadin da kaya za su ragu zuwa kafin a yi wa maigida gargaɗi. A can ƙasa maɓalli ɗaya ne tak, an rubuta masa "Adana".

Da React aka gina shafin, wato kayan aikin gina shafukan intanet da Facebook ya fitar a 2013. Ga yadda bayanai ke tafiya a lokacin. Idan an buɗe shafin, React Query, wani kayan aiki mai ɗauko bayanai, zai tambayi saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan duka shaguna) saitunan shagon, ya ajiye amsar a ma'ajiyarsa ta wucin gadi. Daga nan wani ɗan guntun kod (rubutaccen umarnin kwamfuta) na React da ake kira useEffect zai kwafe amsar zuwa cikin guraben fom, kuma an rubuta shi ne ta yadda duk lokacin da amsar ta canja sai ya sake kwafewa. Idan aka danna "Adana", sai a tattara guraben 23 gaba ɗaya a aika wa saba da PUT, wato umarnin maye gurbin komai, ita kuma ta share na dā ta rubuta waɗannan.

Akwai wani abu guda da aka cusa cikin amsar saituna don sauƙi: ragowar kuɗin tes ɗin shago. Ana so ne a nuna shi a gefen maɓallin kunna tes. Wannan adadi yana raguwa duk lokacin da aka yi ciniki.

## Makon farko: rubutu yana ɓacewa

Ƙorafin farko daga akawun wani babban dillali ya zo, ana saura wata biyu azumi. Sun buɗe sabon sito, yana so ya gyara adireshi da lambar waya. A wayarsa yake aikin. Ya rubuta adireshin, ya leƙa WhatsApp ya kwafo lambar da maigida ya turo masa, ya dawo, ya tarar adireshin ya koma tsohon. Ya sake, ya sake faruwa. A karo na uku ya kira ofis.

Injiniyar ta gwada a kwamfutarta sau da yawa, ba ta ga komai ba. Ta rubuta, ta fita, ta dawo, rubutu na nan daram. Kwana biyu tana zaton hannun akawun ne ke taɓa wani abu.

A rana ta uku ta je kasuwar da kanta, ta zauna a kan dilar atamfa a bayan kanta, ta haɗa wayar akawun da kwamfutarta don ta ga abin da birawuza ke aikawa. Tana kallo ya fita zuwa WhatsApp. Yana dawowa sai ga buƙata ta tafi saba ba tare da an danna komai ba. Wannan ɗabi'ar React Query ce tun daga masana'anta: in mutum ya bar shafi ya dawo, ko sabis ya ɗauke ya dawo, yakan sake tambayar saba ko akwai sabon abu. Amma in amsar da ta dawo daidai take da ta dā, ba ya canja komai, don haka useEffect ba ya motsi. A shagon gwajin da injiniyar ke amfani da shi a ofis ba a ciniki, kuɗin tes ba ya raguwa, amsa kullum iri ɗaya ce. A Kwari kuwa, cikin daƙiƙa 40 da akawun ya yi a WhatsApp, yaron shago ya riga ya fitar da rasit biyu a ɗaya kwamfutar. Kuɗin tes ya ragu, amsa ta canja, useEffect ya kwafe guraben 23 a kan abin da mutum yake cikin rubutawa.

Maganin da aka yi a ranar layi biyu ne. Aka hana shafin saituna sake tambaya in an dawo masa, aka hana shi in sabis ya dawo. Akawun ya gyara adireshinsa, ƙorafi ya tsaya, aka rufe batun.

## Mako na huɗu: kuɗi sun shiga tsohon asusu

Shagon dai shi ne na makon farko. Maigidan ya raba gari da wani abokin haɗin gwiwarsa, ya buɗe sabon asusun banki da sunan shago shi kaɗai. Ranar Litinin da safe, daga gida, ya shiga manhajar a wayarsa ya sa sabuwar lambar asusu. Ya ga saƙon "An adana". Ya fitar da rasit ɗin gwaji, sabuwar lamba ce a kai.

Ranar Laraba da yamma wani abokin ciniki daga Maraɗi ya turo shaidar biya, maigida ya duba ya ga tsohon asusu aka tura wa. Ya buɗe rasit ɗin mutumin, tsohuwar lamba ce a ƙasa. Duk rasit ɗin da aka fitar tun daga azahar ɗin Litinin haka suke.

Mutum biyu ne kaɗai ke da ikon taɓa saituna a shagon, shi da akawunsa. Shi ya san bai mayar ba. Ba sai an faɗi inda zarginsa ya dosa ba, musamman da yake akawun ta hannun wancan abokin haɗin gwiwar ya zo shagon shekarun baya.

Injiniyar ta isa shagon Alhamis da hantsi. Akawun na tsaye a bakin ƙofa, ba a ba shi kujera ba.

"Malama, abu ɗaya nake so ki gaya mini," in ji maigidan. "Wa ya canja lambar nan?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar. Kada a yanke hukunci tukuna."

Manhajar ba ta da rajistar wanda ya canja me. Abin da ta samu kawai shi ne rajistar saba, wadda ke nuna lokaci da na'urar da ta aiko buƙata. PUT biyu ne ranar Litinin. Na farko ƙarfe 8:12 na safe daga wayar maigida. Na biyu ƙarfe 1:47 na rana daga kwamfutar shago. Dukansu saba ta amsa da 200, wato komai lafiya. Ta kwatanta kwafin rumbun bayanai na daren Lahadi da na daren Litinin: bambanci guda ɗaya ne, adadin gargaɗin ƙarewar kaya ya tashi daga 10 zuwa 20. Lambar asusu kuwa a duka daren biyu tsohuwar ce, kamar ba a taɓa ta ba.

Ta tambayi akawun abin da ya yi da rana. Ya ce maigida ne ya ce a ɗaga adadin gargaɗi saboda kasuwar azumi, shi ya sa ya gyara. Ta tambaye shi yaushe ya buɗe shafin. Ya ce ai shafin a buɗe yake tun ranar Asabar, ba ya rufe su, kwamfutar kan inbata take.

Daga nan lissafi ya fito. Fom ɗin da ke kan kwamfutar shago hoton ranar Asabar ne. Tun da aka hana shi sake tambayar saba a makon farko, ba abin da zai sanar da shi cewa maigida ya canja wani abu. Akawun ya taɓa gurbi ɗaya, maɓallin ya aika 23, har da tsohuwar lambar asusu, saba kuma ta karɓa ba tambaya. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin wannan matsala, ta mutum biyu su karanta abu ɗaya, na biyu ya rubuta a kan na farko ba da saninsa ba.

Ta nuna wa maigidan a gabansa da wayarsa da kwamfutar: ta canja sunan shago a waya, ta danna "Adana" a kwamfuta, sunan ya koma. Ya yi shiru, can ya ce a ba akawun kujera. Maganar kuɗin da suka shiga tsohon asusu dattawan layin ne suka shiga tsakani aka dawo da su, wannan ba aikin manhaja ba ne.

## Mako na biyar da na shida: tara komai wuri ɗaya

A zaman da aka yi a ofis, abokin aikinta mai kula da ɓangaren saba ya ce matsalar ita ce bayanin saituna ya warwatsu: akwai shi a ma'ajiyar React Query, akwai shi a cikin fom, akwai wani kwafin a shafin rasit. Ya ba da shawarar a mayar da shi duka cikin Redux, kayan aikin da Dan Abramov da Andrew Clark suka fitar a 2015, wanda tsarinsa shi ne duk bayanan manhaja su zauna a rumbu ɗaya kowa ya karanta daga nan. Maganar ta yi daɗin ji. An yi kwana 8 ana aikin.

Tun a gwajin cikin gida abu biyu suka bayyana. Na farko, tunda yanzu guraben fom kai tsaye suke rubutu cikin rumbun da shafin rasit ke karantawa, duk harafin da aka buga nan take yake zama gaskiya a idon sauran shafuka. Injiniyar ta goge rabin sunan shago, ta bar shafin ba ta adana ba, ta fitar da rasit, sai ga rabin suna a samansa. Maɓallin "Fasa" ma ya rasa abin da zai komar da mutum gare shi, don an riga an rubuta a kan na asali.

Na biyu ya fi muni. Rumbun Redux a cikin birawuza yake zaune. Wayar maigida na da nata, kwamfutar shago na da nata, ba su san da juna ba. Ta maimaita gwajin da ta yi a gaban maigida, sakamako bai canja ba ko kaɗan. Aka janye aikin bai kai ga kowane shago ba.

## Mako na bakwai: adanawa ba tare da maɓalli ba

Shawara ta gaba daga mai kamfanin ta fito. Ya ce manyan manhajoji da yawa ba su da maɓallin adanawa a saituna, kana canjawa an adana. In kowane gurbi yana tafiya shi kaɗai, ba yadda za a yi gyaran adadin gargaɗi ya taɓa lambar asusu. Wannan ɓangaren na maganarsa gaskiya ne, kuma daga baya an amfana da shi.

Aka rubuta shi ta yadda in mutum ya tsaya da rubutu na rabin daƙiƙa, sai gurbin ya tafi saba. Aka ba shaguna 3 su gwada.

Kwana 4 ya yi. A shago ɗaya, mai rubutu a hankali ne, yana tsayawa tsakanin kalmomi, don haka adireshinsa ya tafi saba gunduwa-gunduwa. Cikin rumfunan kasuwa sabis ba ya da tabbas, buƙatar da aka aika da farko tana iya isa a ƙarshe. Gunduwa ta biyu ta riga ta uku tashi amma ta isa bayanta, sai rumbun bayanai ya zauna da rabin adireshi alhali allon mutumin na nuna cikakke.

A wani shagon an canja banki. Aka zaɓi sunan sabon bankin, nan take ya adanu. Kafin a nemo takardar da ke da lambar asusu a rubuta, an yi minti 6, a cikinsu kuma an fitar da rasit ɗauke da sunan sabon banki da lambar tsohon. Sunan banki da sunan asusu da lambarsa abu ɗaya ne, ba sa rabuwa, amma tsarin bai san haka ba. Aka mayar da maɓallin.

## Mako na takwas zuwa na goma: abin da aka gina a ƙarshe

Injiniyar ta ce a bar kod na kwana ɗaya. Ta ɗauki takarda ta rubuta, a kowane lokaci da fom yake a buɗe, saituna iri nawa ne ke akwai. Ta samu uku. Akwai abin da ke cikin saba a yanzu. Akwai abin da ke cikinta a lokacin da mutum ya buɗe fom, wanda ta kira asali. Akwai kuma abin da mutum ke rubutawa bai adana ba, wanda ta kira daftari. Tsohon tsari ya riƙe na farko da na uku ne kawai, yana ta zuba ɗaya cikin ɗaya. Asalin ba a ajiye shi ko'ina ba, kuma in babu shi ba za a iya sanin me mutum ya canja ba, balle a san ko wani ya riga shi.

Daga wannan takarda aka fitar da dokokin aiki. Saba ce kaɗai ke canja na farko. Mai rubutu ne kaɗai ke canja daftari. Asali ba ya motsi sai an adana cikin nasara ko mutum ya ce da kansa a sabunta. Sauran shafuka, har da na rasit, ba sa ganin daftari ko da wasa.

Abu na farko da aka yi shi ne fitar da ragowar kuɗin tes daga amsar saituna, aka ba shi hanyarsa dabam. Ba saiti ba ne tun asali, ba wanda ke zaɓar sa. Sai aka raba fom ɗin gida huɗu, kowane kashi da maɓallinsa. Aka cire useEffect ɗin nan, aka koma React Hook Form, wani kayan aikin sarrafa fom, wanda yake riƙe ƙimar farko dabam da abin da ake rubutawa, yana kuma faɗin guraben da suka bambanta.

Wurin aikawa aka bar PUT aka koma PATCH, wato umarnin gyara wani ɓangare kawai, bisa tsarin JSON Merge Patch na takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 7396. Ƙa'idarsa gajeriya ce: gurbin da aka aiko a canja shi, wanda ba a aiko ba a bar shi yadda yake, wanda aka aiko da null (alamar babu) a share shi. Guraben banki ukun nan kuwa aka ɗaure su, in an taɓa ɗaya duka ukun ke tafiya, saba kuma ba ta karɓar ɗaya ba sauran.

PATCH shi kaɗai da ya hana abin da ya faru ranar Litinin ɗin nan. Amma bai hana mutum biyu su gyara gurbi ɗaya ba. Don haka aka ƙara wa kowane kashi lambar zubi a rumbun bayanai, wadda ke ƙaruwa da ɗaya duk sa'ad da aka adana. Saba na aiko ta a wani gurbi na saman amsarta da ake kira ETag, fom ya riƙe ta tare da asali, in zai adana ya mayar da ita a gurbin sharaɗi da ake kira If-Match. Umarnin rubutawa a rumbu yana cewa a canja layin shagon nan in har lambar zubinsa tana nan yadda aka faɗa. In ba layin da ya canja, wani ya riga, sai saba ta amsa da 412, wato sharaɗin bai cika ba. In buƙata ta zo babu If-Match sam, a amsa da 428 a ƙi ta. Duk waɗannan tsofaffin kayan HTTP ne, wato ƙa'idar da birawuza da saba ke magana da ita, ba a ƙirƙiro komai ba.

Da wannan aka mayar da sake tambayar saba da aka kashe a makon farko. Yanzu in amsa ta zo da sabon zubi kuma mutum bai taɓa fom ba, a sauya masa shiru. In ya riga ya fara rubutu, ba a taɓa masa ko harafi, sai dai a sa ɗan layi a sama: "An canja wannan ɓangaren daga wata na'ura. Duba kafin ka adana." In ya danna, ya ga guraben da suka saɓa kaɗai, da abin da ke nan dā, da na wancan, da nasa, ya zaɓa.

A nan ne aka fi daɗewa, saboda ƙananan abubuwa uku da ba su cikin takardar.

Na ɗaya, fom ɗin sanarwa yana nuna an taɓa shi alhali an mayar da komai yadda yake. Dalili shi ne saba lamba take aikowa, 10, gurbin rubutu kuma haruffa yake mayarwa, "10", kwamfuta kuwa ba ta ɗaukar su abu ɗaya. Aka sa gurbin ya riƙa mayar da lamba. Garin wannan bincike aka ga akasinsa: lambar asusu ana sarrafa ta a matsayin adadi a wani wuri. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, tana kuma iya farawa da sifili, adadi kuwa ba ya riƙe sifilin gaba. Ita da lambar waya aka mayar da su haruffa ko'ina.

Na biyu, kashe tes ya ƙi adanuwa. Kunnawa na yi, kashewa ba ta yi. A kod ɗin saba an rubuta cewa in gurbi na da ƙima a rubuta shi, JavaScript kuma, yaren da aka rubuta kod ɗin da shi, a irin wannan tambaya yana ɗaukar false (wato a'a) da 0 da rubutu wayam duk a matsayin babu. Haka ma wanda ya sa adadin gargaɗi 0 don ba ya son gargaɗin. Aka gyara tambayar ta koma ko an aiko gurbin, ba ko yana da ƙima ba.

Na ukun shi ya fi ba ni sha'awa, kuma a kasuwa kaɗai ake ganin sa. Mutum ya danna "Adana", buƙata ta isa, saba ta rubuta, ta ƙara lambar zubi, amma sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo. Fom ya ce ba a adana ba. Mutum ya sake dannawa da tsohuwar lambar zubi, saba ta ce 412, allon ya gaya masa wani ya riga shi. Wanin kuwa shi ne da kansa. A shagon da aka taɓa zargin akawu, irin wannan saƙo ba abin wasa ba ne. Gyaran da aka yi shi ne in 412 ta zo, fom ya fara ɗauko na yanzu ya kwatanta da daftari. In daidai suke, ya ce "An adana" kawai.

Aka bar adanawa nan take ga maɓallan kunnawa da kashewa su biyu, waɗanda ba su dogara da kowane gurbi ba, kuma ana kulle maɓallin har amsa ta dawo. Aka kuma ƙara rajista: wa ya canja, daga wace na'ura, me ke nan dā, me ya koma. In an taɓa bayanin banki, tes na zuwa wayar maigida ko da shi ne ya yi.

## Fitarwa da abin da ya biyo baya

An fitar da sabon tsarin ranar Lahadi da dare. Washegari aka gane kwamfutocin da ba a rufe shafinsu ba har yanzu tsohon kod ke gudana a kansu, kuma PUT suke aikawa. Aka rufe wannan hanya a saba kafin azahar. Shaguna 5 suka kira suna cewa maɓallin ya mutu, aka ce su sabunta shafin, ya wuce.

Cikin makonni 6 na farko, rajista ta nuna 412 sau 14. A cikinsu 9 irin na ukun nan ne, mutum da kansa, fom ya warware su ba wanda ya sani. Sauran 5 saɓani ne na gaske tsakanin na'urori biyu, kuma a dukansu an nuna wa mutum ya zaɓa. Ƙorafin ɓacewar rubutu bai sake zuwa ba, sai iri ɗaya: ƙananan wayoyi sukan kashe shafin birawuza in an daɗe a wata manhaja, mutum ya dawo ya tarar shafin ya sake buɗewa daga farko. Aka riƙa ajiye daftari a sessionStorage, wata ma'ajiya ta birawuza da ke riƙe bayanin shafi har a rufe shi, tare da lambar zubinsa, ban da guraben banki, waɗanda aka ga bai dace su kwana a na'urar da yara ke taɓawa ba.

## Abin da nake gani

Gyaran makon farko shi ne mafi tsada a cikin duka, duk da layi biyu ne. Injiniyar ta gano abin da ke tayar da matsalar daidai, sai ta kashe shi, ba ta tambayi dalilin da ya sa sabon bayani daga saba zai iya taka rubutun mutum ba. Sake tambayar nan ita ce kaɗai ke sa tsohon fom ya san duniya ta motsa. Amma ban ga laifinta ita kaɗai ba. PUT mai kwashe gurabe 23 ba tare da lambar zubi ba yana nan tun ranar farko, da an bar sake tambayar ma, mutum biyu masu gyara cikin minti ɗaya da sun yi karo. Gyaranta faɗaɗa ƙofar ya yi daga minti zuwa kwanaki.

Shawarar Redux ba ta da alaƙa da cutar. Redux bai yi kuskure ba, abin da aka gina shi ya yi shi ya yi. An kai shi ne inda rikicin yake tsakanin na'urori biyu, shi kuwa ikonsa bai wuce birawuza ɗaya ba. Da an maimaita gwajin waya da kwamfuta a kan takarda kafin a fara, da kwana 8 ɗin nan ba su tafi ba. Adanawa nan take kuwa rabin gaskiya ce: ta dace da maɓallin da ke tsaye shi kaɗai, ba ta dace da rubutu mai tsawo ko guraben da ke tafiya tare ba.

A cikin abin da aka gina, in aka ce in zaɓi ɗaya, lambar zubi zan ɗauka, domin ita kaɗai ce take a saba, inda tsohon shafi ko kuskuren wani sabon ma'aikaci ba zai iya tsallake ta ba. Rajistar wa ya canja me kuma ta kamata a ce tana nan tun kafin a ba mutum biyu ikon taɓa lambar asusu. Rashinta ne ya tsayar da akawun a bakin ƙofa.

Akwai ɓaraka ɗaya da har yanzu ba a toshe ba. Shafin ciniki yana riƙe kwafin saituna na tsawon minti 5 kafin ya sake tambaya, don kada ya yi nauyi a lokacin cunkoso, kuma daga wannan kwafin yake zana rasit. In maigida ya canja asusu ƙarfe 10:00, rasit ɗin ƙarfe 10:03 na iya fitowa da tsohon. An amince saba ce za ta riƙa buga bayanin banki a kan rasit a daidai lokacin da aka ƙirƙire shi, amma hakan na nufin rasit ba zai fita ba in sabis ya ɗauke, 'yan Kwari kuma sun ce ba su yarda da wannan ba a kasuwar sallah. An ɗage aikin. Kafin nan, tes ɗin da ke zuwa wa maigida bayan canja asusu yana ɗauke da ƙarin layi: a sabunta shafin ciniki a duk kwamfutocin shago kafin a fitar da rasit na gaba.